Dodon roba ya razana ƙanena

Daren jiya musu ya kaure tsakanina da ƙanena. Wai shi a ganinsa tsofaffin finafinan dodanni wasan yara ne, ana ganin robar ƙiri-ƙiri. Ban ce masa uffan ba, na kunna masa The Thing na John Carpenter, wanda ya fito a 1982.

Da farko yana ta latse-latsen waya abinsa. Sai aka zo wurin gwajin jini: ga mutane a ɗaure, kowa na zargin na kusa da shi ne dodon ya shige, ana gasa siririn ƙarfe ana tsoma shi a jinin kowa ɗaya bayan ɗaya. Da jinin nan ya yi tsalle daga faranti, gogan naka ya zabura har wayarsa ta faɗi. Ni kaina, duk yawan kallon da na yi masa, sai da gabana ya faɗi.

Abin dariya, lokacin da fim ɗin ya fito masu sharhi kaca-kaca suka yi masa, kasuwa ma bai yi ba. Fim ɗin E.T., labarin wani baƙo daga wata duniya, ya riga shi fitowa da mako biyu, jama'a sun fi son baƙo mai taushin hali.

Dama mu 'yan kallo akwai gaggawar yanke hukunci. Da aka ba Michael Keaton matsayin Batman na 1989, dubban masoya suka rubuta wasiƙun ƙorafi, wai ɗan barkwanci ne. A wurina har yau babu kamarsa.

Yanzu ƙanen nawa Alien na 1979 yake nema, amma ya ce sai da rana.