Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsibirin da Mota Ba Ta Shiga

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Baba, kuma ya kamata yau in shiga maganar rabon gado. Zuciyata ta ƙi. Tun daren Talata wuri ɗaya nake gani in na rufe ido, don haka ku yi haƙuri in tsallake shekara bakwai, mu je watan Agusta na 2014, mako biyu bayan ƙaramar Sallah.

A lokacin na shekara 19 ina tuƙin tasi a New York. 'Yar farin tamu ta fara aikin jinya, sai ta tara albashinta ta kama mana ɗaki na kwana uku a Fire Island. Na ce ɓarnar kuɗi ce. Uwargida ta ce, "Malam, yarinya ta yi niyyar alheri, kada ka kashe mata gwiwa." Ita kuwa cewa ta yi, "Abba, bar makullin a gida, can mota ba ta shiga."

Jirgin ƙasa muka hau daga Penn Station zuwa Bay Shore, daga nan jirgin ruwa ya tsallaka da mu, tafiyar kamar rabin sa'a, ya sauke mu a Ocean Beach. Tsibirin siriri ne kamar rawani da aka warware, tsawonsa wajen kilomita 50, amma faɗinsa a ƙafa minti goma ya ishe ka daga wannan ruwa zuwa wancan. Yana kwance ne a gaban Long Island, shi ke tare mata dukan teku. A bakin tashar ga 'yan kura ja-ja jere, an ɗaure su da sarƙa da kwaɗo, kowane gida da tasa. Matar da ta ba mu haya ta zo da tata. Muka ɗora kular miyar kuka, shinkafa, buta da darduma, na kama hannun kurar na ja.

Ban yi taku ashirin ba wani dattijo da ke ba furanni ruwa ya ɗago ya gaishe ni. Sai wata mata da jikanta. Kafin mu isa masauki mutum shida sun gaishe ni, ido cikin ido. Ni da shekara 19 a madubi kawai nake ganin fuskar mutum, shi kuma ƙeyata yake gani. Nan take maganar Baba ta faɗo mini, har da muryarsa: "Mai mota ba ya gaisuwa, sai dai ya ɗaga hannu."

Daga gidanmu na Ƙofar Sauri zuwa rumfarsa, Baba kan ci sa'a guda a hanyar da yaro zai yi cikin minti ashirin. Ya tsaya wajen mai shayi, ya leƙa marar lafiya, ya tambayi makaho yadda ya kwana. Muna yara haushi muke ji in aka haɗa mu da shi. A 2003, da gwiwarsa ta fara cinsa, na yi wata takwas ina tuƙin dare, na aika kuɗin mota hannun Yaya. An sayi motar. Baba bai shige ta ya kai sau biyar ba. Yaya ne ya riƙa kai matansa biki da ita har ta mutu, kuma da na yi magana ya ce wai Baba ne ya ƙi. Shekaru na yi ina cewa ƙarya yake. A kan wannan hanyar, ina jan kura, na fara tunanin wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma ko da gaskiya ce, me ya hana shi ya kira ni ya ce, "Ƙanena, Baba ba ya so, ga kuɗinka"? Kuma wa ya tsaya gaban Baffa ranar sadakar bakwai ya ce na Amurka bai tsinana wa tsoho komai ba? Wannan har yau tana nan a maƙogwarona.

Mai gidan ce ta ba mu labarin Robert Moses da yamma. Na san sunan, domin babbar hanyar Cross Bronx da nake kwana a kanta cikin cunkoso aikinsa ce, ta ratsa unguwannin talakawa ta raba su biyu. Ya so ya shimfiɗa titi a tsawon tsibirin nan ma, mutanen wurin suka tashi tsaye, har a 1964 majalisar Amurka ta mayar da wurin gaɓar da gwamnati ke karewa. Motocin kashe gobara da na 'yan sanda na nan, sauran jama'a kuwa ƙafa ce, ko keke. Ta nuna mana gidajen da aka ɗaga bisa ginshiƙai bayan guguwar Sandy ta 2012. Ni abin da na riƙe daga Sandy shi ne layin mai, na kwana a cikin mota ina jiran lita kaɗan.

Ba komai ne ya yi mini ba. Shigar masu wanka ta sa da rana ba ma sauka bakin ruwa, kuma an gargaɗe mu da kaska a cikin ciyawa. Asuba ce tawa. Na fita ba takalmi, na shimfiɗa darduma a kan yashi mai sanyi, na fuskanci arewa maso gabas, teku tana ruri ta damana. Da na sallame, ga barewa uku tsaye kusa da shinge suna kallona, ko gezau. Na dubi tafin ƙafata, sumul kamar na jinjiri. Ƙafar Baba kuwa faso ne da ita, kowane dare Inna kan shafa masa man kaɗanya a dunduniya, yana lissafa mata waɗanda ya gaisa da su ranar da abin da ke damun kowa. Mai mota ba ya gaisuwa. Na zauna nan ina kuka har rana ta fito, ban ji zuwan yarinyar ba sai da ta ce, "Abba, shayi ya yi sanyi."

Ranar komawa, a saman jirgin ruwa, na kira Yaya sau biyu. Bai ɗauka ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan gadon, da yadda aka yi da rumfar Baba.