Zinarin da ya yi ja

Jiya a wani ɗakin gwaji nan Jos aka nuna mini zinari a kwalba, ja wur kamar zoɓo. Ƙananan ƙwayoyi ne da ba su kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), irin waɗanda ke fito da jan layin gwajin maleriya.

Ana binciken amfani da su wajen maganin ciwon daji, amma kafin a sa wa mai ciwon, dole a tabbatar ba sa lalata sinadarin gado na DNA. Ana zuba su kan ƙwayoyin jiki, a bi da lantarki. In DNA ta karye sai ta ja wutsiya ƙarƙashin madubin bincike. Na daɗe ina kallonta, wallahi jikina ya yi sanyi. Girma ma da tasirinsa: masu nanomita 1.4 na kashe ƙwayoyin jiki, masu 15 kuwa illarsu kaɗan ce.