Sanyin Chappal Waddi ba irin na Legas ba ne

Tun da na dawo Agege ake ta tambayata wai me ya kai ni, mutum da ɗakinsa da katifarsa ya je ya kwana a kan dutse cikin tanti. Maƙwabcina ma cewa ya yi "Alhaji kuɗi ne suka yi maka yawa." Wallahi ba kuɗi ba ne, kunnena ne ya gaji da janareto da hon ɗin danfo.

Gashaka Gumti muka je, mu huɗu. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya kwanta tsakanin Taraba da Adamawa, tun 1991 yake hannun gwamnatin tarayya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, daf da iyakar Kamaru. Hanya kam ba a magana, jirgi zuwa Yola, mota zuwa Jalingo, a bi ta Bali a sauka Serti inda hedikwatar gandun take, nan ake haɗa ka da ma'aikacin da zai raka ka. Daga nan a hau Mambila, sai acaɓa, inda acaɓa ya gaza kuma sai ƙafa.

Ma'aikacin da aka ba mu dattijo ne, ya zazzage jakata ya ga Indomie da sardin da fawa bank har biyu, ya ɗaga wani ɗan siririn mayafi da na saya a Oshodi ya ce "ɗana, ina bargon?" Na ce Baba ai shi ne wannan. Bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi ya mayar min da shi jaka, ni kuma a raina ina cewa wane sanyi ne ban gani ba, ni da na tashi a Kano cikin hunturu. Na manta rabona da hunturun Kano an jima, fatar ta riga ta zama ta Legas.

Rana na faɗuwa iska ta juya. Sama can ba bishiyoyi sosai, ciyawa ce shimfiɗe, ba abin da zai tare maka iska, tantin nan sai kaɗawa yake fat fat kamar zai tashi da ni a ciki. Na sa riga uku, na sa safa a hannu, na shiga cikin buhun da muka zubo kayan abinci har gwiwa, duk da haka haƙorana suna haɗuwa. Ga shiru kuma, irin wanda har bugun zuciyarka kake ji, babu sabis balle ka danna waya ka rage dare. Wajen tsakar dare na ji an ɗaga ƙofar tanti, Baba ne, ya jefo min tsohon bargonsa mai warin hayaƙi ya ce "rufa, ni ina bakin wuta." Kunya ta kama ni amma ban yi musu ba gaskiya.

Alwalar asuba sai da muka ɗora ruwa a wuta, ba wanda ya yarda ya taɓa na jarka. Muna sallamewa gari ya fara wayewa, sai ga gajimare a ƙasanmu, ƙasanmu fa, fari tas ya cika kwari, kawunan duwatsun Kamaru sun leƙo ta cikinsa. Abokina da bakinsa ba ya rufuwa a shago ya yi tsit da kofin shayi a hannu har ya huce.

Birran nan masu kama da mutum da ake zuwa gandun dominsu ba mu gan su ba, suna ƙasa cikin kurmi. Bargon Baba na wanke shi a rafi da muka sauko, ya karɓa ya shinshina ya ce na ɓata masa shi da sabulu.