Ginin Dandaji da ɗakunan taronmu da ke kulle

Kusan duk garin da ka shiga a arewa sai ka tarar da ɗakin taro, ko na ƙungiyar ci gaban gari ko wanda ɗan majalisa ya kawo a matsayin aikin mazaɓa, kuma duk kamarsu ɗaya, bulo da siminti da rufin kwano, tagogin gilas, sai ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ana buɗe shi ranar walima ko ranar da 'yan siyasa suka zo, a tada janareta, mutane na ta fifita da katin gayyata saboda zafi, a tashi a kulle sai kuma wani watan. Abin nan yana damuna wallahi, don kuɗin jama'a ne aka zuba, ga yara 'yan sakandare ba su da inda za su zauna su yi bitar karatu da yamma, ga mata na yin ajin yaƙi da jahilci a zauren wani bawan Allah da ya taimaka ya ara musu.

Shi ya sa nake so mu yi maganar Dandaji. Ƙauye ne na Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mutanensa wajen dubu 3, kuma a 2018 aka kammala wani aiki a can da ake kira Hikma. Asalin maganar, tsohon masallacin Juma'arsu na ƙasa ne ya tsufa kuma ya yi musu kaɗan, sai aka yi shawarar a rushe shi a gina na siminti, irin shawarar da mu ma nan muke yankewa kullum ba tare da wani dogon tunani ba. To amma masallacin nan ba ƙaramin magini ne ya yi shi ba, aikin Alhaji Falke Barmu ne, wanda ya gina masallacin garin Yama, shi ma a jihar Tawa, da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, su suka ce a'a kar a rushe, a gyara tsohon ya zama laburare da wurin zaman jama'a, sannan a gina sabon masallaci a gabansa wanda zai ɗauki mutum 1000.

Abin da ya fi burge ni ba kyan hoton ba ne, yadda aka yi tunanin yinin mutum ne. Masallaci dai dole a je shi sau biyar a rana, wannan ba sai an tallata ba. To idan laburare na kallon masallaci, tsakaninsu fili ne da itatuwa da wurin zama, ai yaron da ya fito daga azahar ƙafarsa ce za ta kai shi wurin littattafai, dattijon da ke jiran la'asar ya samu inuwa, mata su zo ajin karatu ko taron sana'a ba wanda zai ce ina za ki, tunda harabar masallaci ce. Ginin da ake shiga kullum shi ake sharewa, shi ake lura da tsagewar bangonsa tun tana ƙarama. Sunan Hikma ma daga Baitul Hikma na Bagadaza aka ɗauko shi, inda malamai suka riƙa tara littattafai suna fassara a zamanin Abbasiyawa.

Sai maganar kayan gini. Da jar ƙasar wurin aka yi sabon masallacin, amma ba tubalin hannu irin na kakanninmu ba, wani tubali ne da ake matse ƙasa a inji da ɗan siminti kaɗan ya fito da kusurwa kamar bulo, ba a gasa shi balle a ƙona itace. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali ne, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, da dare kuma ya sake shi, shi ya sa duk wanda ya taɓa kwanciyar rana a soro a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin kwano. A yankin Tawa zafin bazara na haura digiri 40, kuma ƙauye ne, wa zai riƙa sayen man janareta don a sanyaya ɗakin mutum dubu? Sai aka ɗaga rufi sama sosai, aka bar kafofin da iska za ta shiga ta ƙasa mai zafin ta fita ta sama. Ruwan damina ma ba a bar shi ya tafi a banza ba, akwai rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa da ke tara shi ana ba itatuwan harabar ɗigo-ɗigo da rani.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, maginan da suka yi aikin tsohon masallacin an kira su cikin aikin, su suka san ginin ciki da waje, suka koyi sabon tubalin su ma suka koyar da nasu. Wannan a wurina shi ne ƙashin bayan komai. In ka kawo kwangila daga birni da kayan da ba a samu sai a Kano ko Yamai, ranar da abu ya lalace shikenan sai a jira gwamnati, amma in maginin garin ne ya ɗora tubalin da hannunsa, gobe shi za a kira, kuma kuɗin aikin a garin ya zauna.

Mu fa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 da ƙasa da azara, da salon rufin soro irin su bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda har yau masana ke zuwa kallo, ga Gidan Makama a Kano yana nan tsaye. Muna da sarkin magina, muna da makuba da ake shafe bango da ita don ruwa, muna da indararo da ke jefa ruwan rufi nesa da gindin gini. Abin da ya faru kawai shi ne mun wayi gari muna ganin ginin ƙasa alamar talauci ce, wanda ya samu kuɗi abu na farko sai ya rushe soron ubansa. A Burkina Faso ma mai zanen gine-gine Francis Kéré da ƙasa ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwano sama da rufin tubali yadda iska ke ratsawa tsakani, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin. Shi kuwa siminti da muke rububi, masana'antarsa kaɗai na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, ga tsada kullum sai hawa take.

Ba wai ina cewa ƙasa ba ta da matsala ba ne, tana da ita. Ruwa ne babban abokin gabarta, duk damina muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rufta da mutane, Allah ya jiƙansu. Yaɓe na shekara-shekara aiki ne, gara na cin itace, giginyar da ake samun azara ta yi ƙaranci. Amma yawancin gidajen da ke faɗuwa za ka ga harsashinsu ba dutse, an gina su a hanyar ruwa, rufin ba shi da baki da zai kare bango. A Dandaji ba su ƙi siminti da ƙarfe gaba ɗaya ba, sun sa su inda nauyi ke buƙata, a cikin laburaren ma har bene aka yi da ƙarfe don a ƙara wurin zaman masu karatu, sauran kuma ƙasa.

Don haka in da za a tambaye ni a kwamitin gina ɗakin taron garinmu, kafin a yi maganar fenti da tayil zan ce a fara zama da malaman makaranta da ƙungiyar mata da matasa a ji wa zai shiga da safe, wa zai shiga da yamma, a sa ginin kusa da masallaci ko kasuwa ba can bayan gari ba inda fili ya fi araha. Babban ɗaki ɗaya da za a iya rabawa, ƙananan ɗakuna biyu na aji, rumfa mai faɗi ta gefen yamma, banɗaki na mata daban da ruwa a ciki, sola daidai fitilu da cajin waya da 'yan kwamfutoci. A shuka dalbejiya tun ranar da aka haƙa harsashi, kuma a nemo tsofaffin maginan garin a zauna da su tare da injiniyan kafin a zana komai a takarda.