DAX a kan ƙwaƙwalwa mai ɗorewa: wane fayil ya kamata a buɗe wa hanya?

Sana'armu harhaɗa sabar ce da kula da ita, kuma cikin kayan da suka fi buƙatar natsuwa akwai sandunan Optane na Intel, masu 128, 256 ko 512 GB. Sun shiga kasuwa a 2019, Intel ta sanar da rufe wannan layi a 2022, amma har yanzu ana samun su cikin sabar ta hannu. Ana soka su a ramin RAM, sai dai ko wuta ta ɗauke abin da ke ciki yana nan.

Abin da ke ba su daraja shi ne DAX, wato isa ga bayanai kai tsaye (direct access). A al'ada Linux yana kwafo abin da ke cikin fayil zuwa RAM kafin manhaja ta taɓa shi. Da DAX babu wannan kwafi, manhaja tana karatu da rubutu kai tsaye a kan sandar.

Shiri yana farawa da umarnin ipmctl, a sa sandunan cikin yanayin AppDirect, wanda a cikinsa suke riƙe bayanai kamar faifai, a sake kunna injin. Sai ndctl create-namespace --mode=fsdax, wanda zai fito da /dev/pmem0, faifan da Linux zai gani. Mai kaya kan ga wurin ya ragu ya ɗauka an cuce shi, alhali tsarin ne yake ware bayit 64 ga kowane shafi (yankin ƙwaƙwalwa) mai 4 KiB, wato kusan 16 GiB a kowane 1 TiB. Wajen tsara faifan, girman bulo (yankin da ake kasa faifai da shi) dole ya zama bayit 4096, daidai da shafi. Muna kuma daidaita komai a kan 2 MiB: a tsarin fayil na XFS da -d su=2m,sw=1, a na ext4 da -E stride=512. In aka tsallake wannan, injin zai koma amfani da ƙananan shafuka, saurin da aka kashe kuɗi dominsa ya zube. A kan kanel (zuciyar Linux) da bai kai 6.0 ba, sai an ƙara -m reflink=0, don XFS ba ya haɗa reflink (fayiloli su yi tarayya a bulo ɗaya) da DAX a lokacin.

Inda muka fi dagewa shi ne zaɓin ɗora faifai (mount). A da -o dax kawai ake da shi, ko duka ko babu. Daga kanel 5.8 aka samu uku: dax=always (duk fayiloli), dax=never (babu ko ɗaya) da dax=inode (sai wanda aka sa wa alama). Masu kaya da yawa suna son always, a ganinsu tunda an biya kuɗi a ci moriya duka. Ba mu ba da wannan shawara. Karatu a kan Optane yana ɗaukar kusan nanosakan 300, wajen ninki uku na RAM. Ƙaramin fayil da ake karantawa kowane lokaci gara a bar shi RAM ta riƙe shi. DAX na manyan fayilolin rumbun bayanai ne, da na manhajar da aka rubuta musamman dominsa.

Don haka dax=inode muke sawa, sannan mu zaɓi foldar da za a sa wa alamar DAX. A XFS, xfs_io -c 'chattr +x' da sunan foldar. A ext4, chattr +x. A yi wannan tun foldar tana fayau, domin sabon fayil ne yake gadon alamar. Wanda ya riga ya zauna a ciki ba ya gado, sai an bi shi an sa masa. Ko an sa ma, ba zai fara aiki ba sai duk manhajojin da suka buɗe shi sun rufe. Nan ne ake ruɗewa: umarnin lsattr zai nuna alamar, amma alama kawai ce. Mai faɗin gaskiyar halin da fayil yake ciki shi ne statx, ta STATX_ATTR_DAX. A ext4 kuma, fayil mai ɓoyayyen rubutu, ko mai verity (kariya daga sauya abin da ke ciki), ko zaɓin data=journal, ba ya karɓar DAX.

Akwai haɗarin da ya fi waɗannan. Rubutu zai iya maƙalewa a ma'ajiyar cikin firosesa bai isa sandar ba, wuta ta ɗauke ya salwanta. Dole manhaja ta kira fsync ko msync, ko kuma ta buɗe fayil da MAP_SYNC, wanda ya shigo a kanel 4.15, ta tura rubutun da kanta da umarnin firosesa CLWB da SFENCE. Laburaren PMDK na masu rubuta manhaja yana yin wannan. Kuma bayit 8 kawai aka lamunce zai sauka gaba ɗaya. Abin da ya fi haka yana iya yankewa a tsakiya.

Idan wani gurbi a sandar ya lalace, manhajar da ta taɓa shi za ta samu saƙon kuskure na SIGBUS ta faɗi nan take. Muna duba ndctl list --media-errors, mu gano fayil ɗin, mu huda gurbin da fallocate --punch-hole, sannan mu dawo da bayanan daga kwafin ajiya. Shi ya sa ba ma miƙa sabar mai DAX sai an tanadi kwafin a wani faifai dabam, kuma an gwada dawo da shi a gaban mai kaya.