Talata da dare: mai jegon da ba ta kallon jaririnta

Sai bayan isha'i na samu zama. Hazo ya rufe Kano tun asuba, ga sanyi, amma barci ya ƙi zuwa. Mutum bakwai na gani yau a ɗakin ba da shawara, ɗaya daga cikinsu ta tsaya mini a rai. Na sauya wasu bayanai don kada a gane ta.

Shekararta 19, haihuwar fari, kwana 33 da sauka. Tana gidansu wankan jego, mahaifiyarta ce ta kawo ta. Ciwon kai da jiri da rashin barci suka kawo wa likita. Ya auna jini, ya duba hawan jini, bai ga komai ba, ya turo su wurina. Haka mutanenmu suke zuwa. Da wuya ka ji an ce "ina cikin baƙin ciki", sai dai "kaina na sarawa", "jikina ba ƙarfi".

Tun shigowarsu jaririn yana hannun kakarsa, uwar ko ɗaga ido ba ta yi ba. Na tambaya. Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Kunya ce, likita, ai ɗan fari ne."

Na san wannan kunyar, a cikinta na tashi. Har yau Innata ba ta kiran sunan yayanmu. Amma kunyar ɗan fari a gaban mutane ake yin ta. In aka watse, uwa takan saci kallo, ta shinshina kan yaron, ta gyara masa zani. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda wannan kyakkyawar al'ada take zama mayafi ga ciwo, kowa na yabon yarinya da kawaici alhali tana nutsewa. Sai na roƙi Hajiya ta ɗan ba mu wuri.

Na ce, "Ƙanwata, in daga ke sai shi a ɗaki, me kike ji?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Can ta ce, "Anti, ba na jin komai. Kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo. Na san ni muguwar uwa ce." Sai hawaye.

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa ba baƙon abu ba ne, yawanci yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ya hana ci da barci, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Na gaya mata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan bayan ta haihu. Ta ɗago kai karo na farko. Na bi da ita tambayoyi goma na ma'aunin Edinburgh na gano damuwar bayan haihuwa, wanda ake amfani da shi tun 1987, ina yi mata su da baki. Ta goman ita ce ta tunanin cutar da kai, kuma ba na tsallake ta, don tambaya ba ta dasa wa mutum wannan tunani. Ta ce wani lokaci takan so ta kwanta kada ta farka, amma ba ta taɓa shirya yin wani abu ba.

Da Hajiya ta dawo, tambayarta ta farko ita ce, "Ba dai Dawanau za a kai ta ba ko?" Asibitin masu taɓin hankali da ke Dawanau take nufi. Ban ga laifinta ba. Har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan da dokar mahaukata ta 1958 take aiki, tun ta zamanin Turawa. Na ce mata Dawanau asibiti ne kamar kowane, amma 'yarta a gida za ta yi jinya. Ta ce an fara mata ruƙiyya. Na ce a ci gaba, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Muka tsara abin da za a iya. Bayan shayarwar dare Hajiya ta ɗauki yaron, uwar ta samu barcin awa huɗu a jere. Da hantsi ta fito tsakar gida ta sha rana. In ƙirjinta ya cushe, ta ja numfashi tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida. Kada a bar ta ita kaɗai da daddare. Na mayar da ita wurin likita kuma, domin akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha.

Mijin na samu a waya. Ya ce, "Likita, wallahi ban rage ta da komai ba, har ragon suna babba na yanka." Na yarda da shi, muryarsa ma rawa take. Na ce, "Malam, in ka je gaishe ta, ajiye 'yi haƙuri' a ƙofar gida. Ta ji shi ya fi sau ɗari. Tambaye ta yadda ta kwana, ka yi shiru har ta gama." Ya ce zai gwada.

Da za su fita hular sanyin yaron ta zame, ta miƙa hannu ta gyara masa, ba ta dube shi ba. Talata mai zuwa za su dawo. Na rubuta a takardar gaban tebur in kira Hajiya ranar Alhamis, in ji ko barcin awa huɗun ya samu.