Yadda Muke Gane Akwatin Rarraba Wuta Ya Kai Canji

Kamfaninmu ƙarami ne, sana'armu kuma ita ce haɗa wayoyin lantarki a gidaje da gyara su, ni da 'yan ma'aikata da yaran da ke koyon aiki a hannunmu. Kiran da aka fi yi mana shi ne na maigidan da wuta ke yawan ɗaukewa a wani sashe na gidansa, ya gaji da zuwa ɗaga bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta idan ta yi yawa, har ya yanke hukunci tun kafin mu iso cewa akwatin rarraba wuta ya lalace, a canza shi. Galibi ba nan gizo ke saƙar ba. Birekar da ke faɗuwa aikinta take yi, kuma idan aka bi sawu akan tarar da laifin a jikin wata hita da ruwa ya shige ta, ko soket guda da aka jibga wa kaya fiye da ƙarfinsa. Akwatin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda mai shi zai nuna mini cikin alfahari ya ce, "Malam, wannan tun da aka gina gidan bai taɓa yanke wuta ba."

Dalilin fargabata yana cikin yadda fis ke aiki. Fis siririyar waya ce da aka auna kaurinta domin ta narke idan wutar da ke bi ta cikinta ta wuce wani adadi, wato ta ƙone ita kafin wayar da ke binne cikin bango ta ƙone. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a 1890 Thomas Edison ya yi rajistar irin tasa. A tsofaffin akwatuna akan ga mariƙan fis na tangaran jere, na fitilu mai amfiya 5 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), na sauran layuka kuma mai 15 ko 30. Rauninsu shi ne duk wanda ya iya riƙe sukundireba zai iya ɗaura musu wayar da ya ga dama. Idan fis ya ƙone sau biyu ko uku a mako guda, sai wani ya warware igiyar wuta, ya murɗe silin jan ƙarfe da yawa wuri ɗaya, ya ɗaura, daga ranar kuma gidan ya huta da ɗaukewar wuta. Mun sha zare mariƙi mu tarar da irin wannan murɗaɗɗiyar waya ta yi baƙi, tangaran ɗin da ke kewaye da ita ya tsage saboda zafi, wani lokaci ma ƙusa ce aka soka a wurin. A irin wannan hali wayar bango ce ta koma fis. Layin fitilu yawanci da waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ake jan sa, na soket kuma da mai 2.5, kowace da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma zafin da waya ke yi ninkuwa yake sau huɗu idan wutar da ke cikinta ta ninka sau biyu. Saboda haka gidan da aka yi wa wannan dabara yana iya yin shekaru lafiya lau a ido, alhali robar wayoyinsa tana gasuwa a hankali a inda babu mai gani.

Kafin mu taɓa komai, hanci da kunne muke fara sa wa aiki. Ƙauri a kusa da akwati alama ce da kowa zai gane, amma akwai wani wari da mutane ba su cika danganta shi da wuta ba, wato ƙarni irin na kifi, wanda wasu nau'o'in robar kayan lantarki ke fitarwa idan sun yi zafi sosai. Akwai gidan da aka daɗe ana wanke lungun da akwatin yake, ana zaton wani abu ne ya mutu a wurin, ashe bayan babban makunni ne ke narkewa. Haka nan ƙara mai kama da "zzz" ko ɗan ƙas-ƙas daga cikin akwati, da fitilun da ke lumshewa idan an kunna wani babban kaya, da murfin da ke da ɗumi idan an ɗora bayan hannu, duk suna nuni ga abu guda: akwai mahaɗar da ta saki.

Sukuru guda da bai ɗauru ba ya isa ya halaka akwati. Inda waya ba ta matsu da kyau ba wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya yi zafi, ƙarfen ya buɗe, idan ya huce kuma ya tsuke, kowane zagaye yana ƙara sassauta mahaɗar, har tartsatsi ya fara tashi a tsakani. Idan muka cire murfi, sawun a bayyane yake. Jan ƙarfen ya rasa ƙyallinsa ya koma baƙi ko shuɗi-shuɗi, robar wayar ta ja baya daga bakin sukurun, ta taurare har tana farfashewa a yatsa, jikin birekar da ya kamata ya zama fari kuma ya yi launin ƙasa-ƙasa a gefe guda. Wani maigidan yakan ce a canza birekar da ta ƙone kaɗai, a bar sauran. Idan ɓarnar ta tsaya a kanta, mukan yarda. Amma idan zafin ya kai ga sandar jan ƙarfen da ke ciyar da dukkan birekun, ko ya taɓa jikin akwatin, to babu sauran faci, domin robar da ta zama gawayi ta daina tare wuta, ita kanta hanya ce da wuta za ta bi. A gidajen da aka ja da wayar alminiyam, kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe a shekarun 1960 da 1970, wannan sakin mahaɗa ya fi saurin faruwa.

Akwai kuma waɗanda kallo ɗaya ya wadatar: akwatin da bayansa katako ne, wanda tsatsa ta ci saboda danshi, wanda murfinsa ya karye har yatsan yaro zai iya kai wa ga ƙarfe mai wuta. Wasu tsofaffin mariƙan fis ma suna da shimfiɗar asbesto a ciki, wata aba ce da ba ta kama wuta amma ƙurarta tana cutar da huhu, don haka ba ma barin yaranmu su kankare ta ko su hura ta. A Birtaniya tun daga 2016 ƙa'ida ta tanadi cewa sabon akwatin gida ya zama na abin da ba ya kama wuta, wanda a aikace ƙarfe ake nufi, kuma ni ma shi na fi so ko a ina ne.

Batun da ya fi wuyar bayani shi ne na akwatin da babu ƙuna a jikinsa, birekunsa na aiki, amma duk da haka muke ba da shawarar a canza shi. Ƙaramar bireka, wadda Bajamushe Hugo Stotz ya yi wa rajista a 1924, ta fi fis ta fuskar cewa ba a iya ɗaura mata waya, kuma ɗaga ta kawai ake yi idan ta faɗi. Sai dai ita ma, kamar fis, waya take karewa. Birekar soket tana iya zama mai amfiya 16, ko 20, ko 32, alhali wutar da ke iya rikita bugun zuciyar mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Mutum zai iya riƙe injin wanki mai yoyon wuta da jiƙaƙƙen hannu, wutar ta bi ta jikinsa zuwa ƙasa har ta kashe shi, birekar kuma ba ta motsa ba, domin a lissafinta wannan ɗan ƙaramin lodi ne. Abin da ke tsare rai shi ne na'urar gano yoyon wuta, wadda ake rubuta RCD a jikinta. Tana kwatanta wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar, idan ta ga giɓin ya kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya guda, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. An fara inganta irinta ne a Afirka ta Kudu a shekarun 1950 saboda masu haƙar ma'adinai da wuta ke hallakawa. Gane ta ba wuya, domin tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta, kuma ya kamata maigida ya riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni. Idan an danna wuta ba ta yanke ba, na'urar ta mutu ko da kuwa tana nan a jere. Akwatin da babu irin wannan na'ura a layin soket da na banɗaki, kuma babu gurbin da za a ƙara ta, a ganina ya kai canji ko da fentinsa bai dushe ba.

Sannan gida yana girma, akwati kuwa yana nan yadda aka kafa shi. Wanda aka tsara domin fitilu da fanka da dutsen guga, yau an rataya masa na'urorin sanyaya ɗaki, da hitar wanka, da murhun lantarki, da injin jan ruwa. Lissafin ba mai wahala ba ne: a inda wuta take bolt 230, hita mai wat 3,000 tana jan kimanin amfiya 13 ita kaɗai, biyu a layi guda sun zarce birekar 20. Idan gurabe suka ƙare, sai a ga an cusa wayoyi biyu ko uku ƙarƙashin sukurun bireka guda, ko an manna wani ƙaramin akwati a gefe, an sake manna wani a gefensa, har babu wanda ya san wane makunni ke kashe wane ɗaki. Wanda zai sa sola da inbata, ko wurin cajin mota mai lantarki, ya sani cewa waɗannan suna buƙatar layinsu na kansu, da kuma nau'in na'urar gano yoyo da ta dace da su, tsohon akwati kuwa ba kasafai yake da wurin ba.

Ba ma cire tsohon akwati sai mun auna wayoyin gidan tukuna, kuma a nan ne muke yawan samun saɓani da masu gaggawa. Mukan kashe wuta, mu ware kowane layi, mu tura masa bolt 500 da na'urar gwaji domin mu ga ko robarsa tana riƙe wuta. Abin da ya gaza megaom ɗaya, a ma'aunin yadda roba ke tare wuta, bai ci jarrabawa ba. Mukan kuma tabbatar wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta yi yoyo zuwa cikin ƙasa, ta kai kowane soket, kuma haɗinta da ƙasa yana da kyau, domin idan babu ita, kariyar da ake sa rai daga sabon akwati ta ragu ƙwarai. Amfanin wannan awo shi ne sabon akwati ba ya rufa wa tsohuwar waya asiri. Yoyon da tsohon fis ya yi shekaru bai kula da shi ba, sabuwar na'ura za ta kama shi a daren farko, haka kuma layuka biyu da wani ya haɗa musu wayar dawowa guda za su riƙa kayar da ita. Idan ba a faɗa wa maigida wannan tun farko ba, washegari zai kira ya ce, "Malam, da tsohon ai lafiya muke zaune." Shi ya sa nakan zaunar da shi in nuna masa sakamakon awon layi bayan layi, in gaya masa wanda za a gyara kafin a kafa akwati, da wanda sai an sake ja gaba ɗaya. Wani lokaci awon yakan nuna akwatin lafiyarsa ƙalau, bireka guda ce ta gaji, sai mu nemo irinta daga kamfanin da ya ƙera akwatin mu sa, mu yi sallama.

Ranar canji, wayoyin da suka taso daga mita suna ɗauke da wuta ko da an kashe babban makunni, kuma babban fis da ke gabansu na kamfanin raba wuta ne, yawanci da hatimi a jikinsa, saboda haka da izininsu ake cire shi. Wannan kaɗai ya isa ya hana maigida gwada aikin da kansa. Muna sayen bireku daga dillalan da muka amince da su, domin akwai jabu a kasuwa waɗanda cikinsu makunni ne kawai babu abin da ke yanke wuta. Kowane sukuru da sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri muke matse shi, daidai da adadin da maƙeran suka rubuta, mu bar gurabe biyu ko uku babu komai saboda abin da gidan zai ƙara nan gaba, mu rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa. Daga nan sai mu sake awon gaba ɗaya, har da lokacin da na'urar gano yoyo ke ɗauka kafin ta yanke, mu miƙa wa maigida takardar sakamakon tare da ranar da ya kamata a sake dubawa. Ga gidan da mai shi ke zaune a ciki, shekara goma muke rubutawa idan wayoyin suna da kyau, gidan haya kuma biyar, wanda shi ne wa'adin da dokar Ingila ta 2020 ta ɗora wa masu ba da haya.